Mutumin da Ke Sauraron Wuta

Wata ranar Talata muka kai Kawu makwancinsa, bayan ruwan safe ya ɗauke. Mai bayarwa ya karɓi abinsa. Na san haka tun ina 'yar ajin Lahadi a coci, na kuma sha faɗa wa wasu, sai ga shi sanin bai rage mini komai ba.

Kwana uku na yi a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a ƙofar gidansa a Palladan, ina karɓar gaisuwa a madadin Inna, mahaifiyata, ƙanwarsa, da ciwon ƙafa ya hana ta zaman kujerar roba. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a Samaru, kuma malama ko a gidan makoki ba ta iya daina duba amsa. Duk wanda ya zo sai ya faɗi wane ne Kawu, ni kuwa ina ba shi maki a zuci.

Matan zumunta suka ce, "Wayyo Baba mai gyaran risho! Yanzu wa za mu kai wa?" Wata tsohuwa da ta tako tun daga Jama'a ta riƙe hannuna, ta ce tun ranar da ya taɓa rishonta bai sake baƙanta mata tukunya ba. Alhajin da suke katanga ɗaya ya ce, "Malama, sai haƙuri. Ban taɓa ganin mai sanyin rai irinsa ba. Ko baƙar magana aka gaya masa, murmushi zai yi." Na yi godiya. Ban gaya masa cewa a shekarun nan na ƙarshe Kawu ba ya jin baƙar maganar ba ne. Fasto kuwa sau uku a wa'azinsa yana kiransa matuƙin jirgin sama. Kawu, wanda ko tsani ba ya hawa sai an riƙe masa.

Kowa ya ci rabin maki. Ni da ke da sauran amsar, ni ce ba ni da bakin faɗa a wurin, domin shekara huɗu ke nan babu abin da ke shiga tsakanina da Kawu sai "ina kwana" da "lafiya lau". Ni na jawo, kuma ban ba shi haƙuri yadda zai ji ba har ya tafi. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ba na so a tuna da shi da risho kawai, ba na kuma so in ci gaba da karɓar "sannu da haƙuri" kamar wadda hannunta yake wanke.

Makanikin injin jirgi ne. Ya yi shekara talatin da 'yan kai a rumfar gyaran jirage ta nan Palladan, yawanci a kan ƙanana masu farfela. Amma yana saurayi an tura shi kwas Turai na wata shida, aka kai su wani ɗaki mai kaurin bango inda ake ɗaure injin jet a ƙasa a gwada shi. A can ya ji abin da ya bi shi har kabari. Ya ce injin yana ta ruri yadda ya kamata, sai wata murya ta fito daga cikinsa, siririya, mai shiga haƙori. Kafin a kashe shi, bangon ciki na tukunyar wuta ya tsage. Tukunyar wuta yake kiran wurin da mai da iska ke haɗuwa su ƙone.

"Babu wanda ya buge shi, Uwata," yakan ce mini. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da wani suna ba. "Ƙarfen da ke jure wutar da za ta narkar da tukunyar Innarki, kuka ne ya tsaga shi. Wuta ce ta yi kuka."

Ina shekara tara ya yi mini bayanin, a gindin mangwaron gidansa. Ya ce in dubi wutar fitila: ba ta tsayawa cik, kullum tana ɗan rawa. Duk rawar da ta yi tana ture iska, turewar nan kuwa ita ce amo. A fili amon sai ya tafi abinsa. Amma a cikin tukunyar injin ba shi da wurin zuwa, sai ya bugi bango ya dawo ya iske wutar. In ya dawo daidai lokacin da wutar ke ƙara zafi, shi ke nan, an ƙulla. Wuta ta zuga amo, amo ya zuga wuta, har ƙarfe ya gaji.

Na ce ban gane ba. Sai ya ɗora ni a lilo, ya riƙa tura ni da yatsa ɗaya tak, amma kowane turi a kan kari, har na fara hango kwanon maƙwabta ina ihu. Sannan ya ci gaba da turi da yatsan nan, ƙarfi ɗaya, sai dai yanzu yana ɗan makara. Lilo ya yi sanyi, ya mutu.

"Kin gani? Ba ƙarfi ba ne. Lokaci ne. In kina so amo ya mutu, ki jinkirta masa amsa."

Ya yarda da wannan ƙa'ida har ya shigo da ita cikin aure. In Mama, matarsa, ta fara faɗa, sai ka ga leɓensa yana motsi: yana ƙirga biyar kafin ya amsa. Wata rana ta kama shi.

"Ƙirga kake mini? Ni injin ce?"

Ya gama ƙirgarsa tukuna, sannan ya ce, "Da injin ce ke, ai da akwai wurin kashewa."

Ranar tuwo ya ci babu miya, ya kuma ce an tabbatar da ƙa'idar, kuskuren a ƙirgar ne, goma ya kamata.

Da ya yi ritaya, ya ƙulla abota da wasu malaman jami'a a Samaru, suna ara masa mujallun injiniyoyi da suka gama karantawa. Zai tafi layin kananzir da galan a hannu ɗaya, mujalla a ɗayan. Mutum mai ilimin wutar jet, a garin da ake wuni kafin a samu na dafa shayi. A ciki ya karanta cewa masu ƙera sababbin injuna sun rage mai sun ƙara iska don hayaƙi ya ragu, sai ga kukan nan ya dawo musu fiye da da. Ya yi dariya har galan ya faɗi.

"Sun rage wa wuta abinci, suna mamaki tana kuka. Wa ya taɓa rage wa ma'aikaci abinci ya yi masa shiru?"

Sau ɗaya garin nan ya buƙaci iliminsa na gaske. Wata mai gidan burodi a Sabon Gari ta bar itace ta sa murhu mai fesa dizal. Da an kunna, sai tanderun ya fara gunji, bututun hayaƙi yana kaɗawa, siminti yana zuba. Ma'aikata suka ce aljani ne, biyu suka gudu. Ta kira fasto ya shafa mai, ta kira malam ya yi turare, don kada wani ɓangare ya ce an ware shi. Aljani bai ji ko ɗaya ba. Mai waldar da ya haɗa mata bututun shi ya zo ya ɗauki Kawu. Mai waldar ɗan ƙabilar Ibo ne, haihuwar Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta rabin ɗalibaina.

Na bi su, lokacin ina jami'a. Kawu ya ciro dogon sukundireba, ya dafa bakin sukundireban a jikin bututun, ya kafa ƙotar a ƙashin muƙamuƙinsa, ya rufe ido. Haka ya bi bututun taki bayan taki, ma'aikata suna leƙe daga bakin ƙofa. Ya sa aka ja murhun baya da faɗin yatsa huɗu, aka ƙara wa bututun tsawon taki ɗaya, aka huda wasu ƙananan ramuka a jere. Aka kunna. Wuta ta kama lumui, babu gunji.

Mai gidan burodi ta dafe ƙirji. "Baba, wace addu'a ka yi?"

"Aljanin yana nan, Madam. Na dai sa shi makara."

Daga ranar shi da mai walda suka zama aminai, kuma mai waldar ne ya haɗa masa abin da ya fi so a duniya bayan Mama, ko da yake Mama tana da ja a kan jerin. Bututun ƙarfe ne, tsawon kamu biyu, buɗe sama da ƙasa. A ciki, kashi ɗaya cikin huɗu daga ƙasa, an cusa ragar ƙarfe ninki-ninki. Kawu zai naɗe tsumma a hannu, ya riƙe bututun a tsaye, ya gasa ragar da wata fitila mai famfo irin ta masu walda har ta yi ja, sannan ya janye wutar. Shiru na ɗan lokaci. Sai bututu ya saki murya, wuuu, kamar jirgin ƙasa ya shigo tsakar gida. Kaji su watse. Ya kwantar da shi, ya yi tsit. Ya miƙar da shi, ya ci gaba. Iska mai zafi ce ke hawa ta cikin raga, zafin yana tura ta a kan kari, kamar yatsansa a bayan lilona.

"Ƙanen injin jet ke nan," yakan ce. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi dai wannan bai yi karatu ba."

Mun san kunnensa ya yi nauyi. Shekara talatin kusa da injuna, da auduga kawai a kunne, ai dole. Amma yana kallon bakin mai magana, yana amsawa daidai, in abin ya kuɓuce masa ya yi murmushi ya ce "to, madalla". Muka ɗauka nauyi ne irin na tsufa. Kuma duk lokacin da ya kunna bututun, fuskarsa tana haske daidai da fitowar muryar, ba ya makara ko kaɗan. Wa zai ce mutumin nan ba ya ji?

A farkon shekarun nan na dubu biyu, da damina, na gayyace shi makarantarmu. Ajina na manya sun kai darasin sauti, ni kuma ina so su ga cewa abin da ke littafi yana da rai, ina kuma so, in zan faɗi gaskiya, su ga irin gidan da na fito. Ya zo da kwat ɗinsa ta kwas ɗin Turai, wadda ta girmi duk wanda ke ajin har da ni. Ya kwance bututun, ya fara naɗa tsumma a hannu.

Na ce, "Kawu, a ɗakin gwaji ba a riƙe abu mai zafi da hannu. Sai a maƙala shi a jikin wannan ƙarfen."

"Hannuna ya saba, Uwata."

"Doka ce. Yara suna kallo, gobe wani zai gwada."

Ya dube ni. Na ga leɓensa yana motsi, na ɗauka ƙirgarsa ce ta kullum. Sai ya warware tsumman ya miƙa mini bututun, na ɗaure shi tam da maƙali, yadda littafi ya ce.

Ya juya wa aji baya, ya gasa raga har ta yi ja, ya janye wuta. Bututu ya saki murya irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, don ɗakin rufe yake. Gilashin taga ya ɗauki kaɗawa. Yara suka toshe kunne. Kawu yana tsaye, hannu a baya, ya karkata kai yana jira. Ya jira. Sannan ya girgiza kai, ya juyo, ya ce da muryar ban haƙuri:

"Yara, ku yi haƙuri, yau ya ƙi. Wani lokaci in damshi ya yi yawa..."

Bututun yana ta gunji a bayansa.

Aji ya fashe da dariya. Yara ne, ban riƙe su ba. Ni ce babba a wurin. Da na tafa, da na ce ai wasa Baba yake mana, da an wuce. Amma kunya ta kama ni, kunyar kaina, ba tasa ba. Na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina sosai, na ɗaga murya:

"Kawu, yana kuka! Kai ne ba ka ji!"

Ya dubi yara da hannuwansu a kunne. Ya juya, ya kai tafin hannunsa tsirara ya dafa bututun, kusa da inda ragar take. Na ji ƙaurin fata. Bai janye ba sai da muryar ta gama mutuwa a hannunsa.

"Haka ne," ya ce. "Malama ta yi gaskiya."

Malama. Tun da aka haife ni bai taɓa kirana haka ba.

A lokacin na gane tsumman. Ba don zafi kawai yake naɗa shi ba, so yake bututun ya kasance a hannunsa. Da hannu yake jinsa, Allah kaɗai ya san shekara nawa. Mutumin da kunne ne jarinsa ya rasa kunne, ya sami wata ƙofa ya ɓoye ta, ni kuma na zo da dokar ɗakin gwaji na kulle ta a gaban yara sittin. Ya naɗe kayansa, ya ƙi in raka shi, ya hau bas ɗin Sabon Gari da hannu a cikin aljihun kwat.

Inna ta ce in je in durƙusa. Na ce, "Me na yi? Ƙarya na faɗa?" Wannan ciwon malamai ne: in muna da gaskiya, sai mu ɗauka mun gama. Na je ranar Lahadi da niyyar in ɗan sassauta, ya tarbe ni da fara'a, hannu a ɗaure, ya ce, "Malama, ya aiki?" Sai na ji haushi, na ce lafiya lau. Na ce bari abin ya huce. Na jinkirta amsa, kamar yadda ya koya mini. Shi ma ya jinkirta. Amo ya mutu kuwa. Daga nan ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba, ko sau ɗaya. Kirsimeti huɗu na kai masa shinkafa, ya sa mini albarka, da sunan Malama. Ƙa'idarsa tana aiki, na shaida. Abin da bai gaya mini ba, wataƙila don a injin ba ya faruwa, shi ne in an ci gaba da jinkirtawa, ba amon kaɗai ke mutuwa ba.

Bututun ya ɓace daga kusurwar falo. Na lura, ban tambaya ba. Ya ci gaba da gyaran risho, yana gane lafiyarsu da launin wuta.

Ciwonsa bai daɗe ba. Mama ta buga mini waya ina aji, na iske shi a asibiti ido a rufe. Na sunkuya a kunnensa na faɗi duk abin da na tara na shekara huɗu. Na faɗa da kyau, jimla bayan jimla. A kunnensa. Washegari ya cika.

Rana ta uku ta zaman makoki, da la'asar, mai walda ya iso a kan babur, da wani dogon abu naɗe a buhu. Ya gaishe da Mama, ya gaishe da maza, sannan ya zo ya tsuguna a gabana.

"Malama, ajiyar Baba ce. Shekara uku tana shagona."

Na kwance. Bututun ne. An goge tsatsa, an sa sabuwar raga. A tsakiyarsa an ɗaura mariƙi na katako, daga ƙotar fartanya, an goge shi sumul.

"Ya ce dokarki tana da gaskiya, kada yaro ya ƙone. Amma ya ce kallo ba ya isa, sai an riƙe. Sau uku ya sa na canza katakon. Na farko ya ce yana shanye muryar."

Na ce, "Me ya sa ba ka kawo mini ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya hana. Ya ce, ranar da Uwata ta tambayi ina bututu, zan turo ta wurinka. Duk shigowarsa Sabon Gari sai ya biyo, ya shafa katakon, ya ce, ba ta tambaya ba tukuna."

Uwata. Ashe a shagon walda sunana bai canza ba.

Mama ce ta shiga ɗaki ta ɗauko fitilar mai famfo. Mai walda ya kunna, ya gasa raga, ni na riƙe katakon. Matan zumunta suka tsaya da waƙa. Ya janye wuta. Shiru. Sai murya ta tashi, wuuu, ta cika tsakar gida, kaji suka watse kamar da. Alhaji ya miƙe tsaye yana salati. Tsohuwar Jama'a ta ce, "Wannan kuma wane irin risho ne?" Mama ta rufe fuska da mayafi.

"Shekara huɗu ban ji wannan ƙarar a gidan nan ba," ta ce. "Kuma da na tsane ta."

Ni ban ji muryar bututun da kunne ba. Ta shigo ta tafin hannuna, ta hau gwiwar hannu, ta kai kafaɗa, ta tsaya a haƙorana. Na san lissafinta, na koyar da ita shekara da shekaru, ban taɓa sanin tana da nauyi ba. A nan, da katakon yana rawa a hannuna, na gane abin da ya kamata in yi a asibiti. Hannunsa yana nan a kan bargo, mai tabon ƙuna, kusa da ni. Da ma na ɗauke shi na ɗora a maƙogwarona kafin in yi magana.

Muryar ta yi ƙasa a hankali, raga ta huce. Ban saki ba.

Bututun yana makaranta yanzu. In mun kai darasin sauti, yara suna yin layi, kowa ya riƙe katakon da hannunsa, maƙali yana kabad. Kullum akwai wanda ke tambaya wa ya ƙera shi, nakan ce kawuna ne, makanikin injin jirgi, mutumin da ya san abin da ke sa wuta kuka. Ba na jinkirta wannan amsar.

Allah ya ta'azantar da Mama da Inna da duk wanda risho ya haɗa shi da Kawu. Allah ya hutar da shi, ya mayar masa da kunnensa. Akwai maganar da nake so ya ji.